Ranar da Muka Mai da Dosinda Mai Kuɗi

Ni dai har gobe ina cewa laifin ba nawa ba ne ni kaɗai. Obdulia ce ke yawo tana gaya wa mutane wai ni Erundina na kusa korar ƙawata daga gari. To talabijin ɗin da aka kai gidan na wa ne? Nata ne, kuma ita ta turo shi a baro da hannunta tana haki. Bari in faɗi yadda aka yi, kowa ya yanke hukunci da kansa.

A ƙauyenmu Fontemoura ba ma barin baƙo ya ga gidan ɗayanmu a tsiraice. Haka muka taso muka tarar. In likita zai zo, ko Fada, limamin cocinmu, zai shiga sa wa gida albarka lokacin Ista, ko dangin saurayi za su zo ganin iyayen yarinya, kafin baƙon ya iso kaya sun riga shi. Kowane gida da abin da aka san shi da shi. Secundino yana da agogon bango na kakansa, Obdulia kujeru shida masu fata, ni kuma farantai masu bakin zinariya da mayafin gadon da uwata ta saƙa. Ba a roƙo, ba a godiya. Ka shiga ka ajiye ka fita, da yamma ka dawo ka ɗauki abinka. Don kada kaya su cakuɗe, kowane gida yana da alamarsa da fenti a ƙarƙashin kayansa. Tamu jan gicciye, ta su Obdulia ɗigo uku shuɗi, ta Secundino wani zane da yake rantsuwa zakara ne, alhali kazar da mota ta taka ta fi shi kama da zakara. Doka ɗaya ce tak a cikin abin: a gaban baƙo ba a juya faranti.

Dosinda kuwa katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Tare muka yi kiwon shanu, tare muka sha duka. Tana da shekara ashirin da huɗu ta hau jirgin ruwa a Vigo ta tafi Venezuela, ta bar ni ina kuka har na kwanta ciwo. Bayan shekara uku ta aiko da hoto, tana tsaye jikin wata doguwar farar mota, da tabarau, ta ɗora hannu a kan ƙofa. Uwarta ta sa shi a gilas ta rataye, gari ya yi ta zuwa kallo. Daga ranar Dosinda ta zama mai kuɗi a bakin kowa.

Shekara arba'in da huɗu ta yi a can. Ranar da ta dawo, akwati biyu na gani da wani dogon tsoho mai dariya kamar ana yi masa cakulkuli, wai shi ne mijinta Eleazar, ɗan ƙasar can. Shagon ɗinkin da suka yi rayuwa a cikinsa ya mutu, kuɗin ƙasar ya zama takarda, gidan da suka sayar da ƙyar ya kawo su nan. Suka buɗe gidan uwarta da ya yi shekara goma sha biyu a kulle, suka share, suka hura wuta. Tebur ɗaya, kujera biyu, gado, da tsohon keken ɗinkin uwar, su ke nan.

Kowa ya gani, ba wanda ya ce uffan. Da safe sai Dosinda ta tarar da ƙwai a kan katanga, ko damin itace a ƙofa, ko rabin cuku a naɗe cikin tsumma. Ita ma ba ta tambaya. Amma na san abin da ke cin ta. Duk lokacin da ake jidar kaya zuwa wani gida, takan tsaya a taga tana kallo, don ba ta da ko cokali da za ta kai. Alamar gidansu layi biyu ce rawaya, kuma tun rasuwar uwarta ba a ƙara ganinta a ƙarƙashin komai ba.

Wata rana muna ɓarar wake a ƙofar gidanta ta buɗe mini cikinta.

"Dina, ni ban yi aikin albashi a ƙasar nan ba, balle in sa ran fansho. Amma akwai tallafin da ake ba tsofaffin da ba su da abin hannu. Sharaɗin shi ne ka zauna shekara goma a ƙasa bayan ka cika sha shida, kuma biyun ƙarshe a jere, ba yankewa. Ina da takwas tun na 'yanmatanci. Saura biyu."

"Shi kuma wannan dogon naki fa?"

Eleazar yana gefe yana gasa wainar masararsa. Ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "Ni baƙo ne, Kwamanda, ba ni da ko kwana ɗaya a ajiye. Goma cif zan yi. Ranar da zan karɓi nawa ina da shekara tamanin, kuma kuɗin farko takalmin rawa zan saya miki."

"Ka saya wa kanka haƙora tukuna," na ce masa. Kwamanda yake kira na tun satin da ya zo, wai na cika ba da umarni. Ni ban ga umarnin da nake bayarwa ba, kawai mutane ne ba sa yin abu daidai sai an gaya musu.

Shekara biyun nan Dosinda ta riƙe su kamar ƙwai a tafin hannu. Kowace Laraba garinmu kaf yakan tsallaka gada zuwa kasuwar Portugal, tafiyar minti ashirin, mu sayo busasshen kifi da tawul. Dosinda takan raka mu har bakin gada ta zauna a kan dutse da jakarta. "Ku je ku dawo. In na taka can suka ce na fita ƙasa, in koma ƙirga daga ɗaya? Allah ya kiyaye." Ba irin tsiyar da ban yi mata ba, ko gezau.

Ga kuma ɗanta Nelson, direban motar kaya a Madrid. Shi ke aiko musu ɗan abin da suke sayen magani da biyan wuta, kuma ga shi da 'ya'ya uku a ɗaki biyu. Yaron kirki ne, amma ya gaji. Ya gaya mata a waya, ni ina zaune: "Mama, ba zan iya riƙe gida biyu ba. In tallafin nan bai fito ba kafin sanyi, zan zo da mota in kwashe ku." Hawa na bakwai, ɗaki ɗaya da jikoki, taga tana kallon bangon wani. Dosinda ta ajiye wayar ta ce mini ita a gadon da aka haife ta take so ta mutu. Ni kuwa na ce a raina, mace ta tafi ta bar ni sau ɗaya, ba za a maimaita ba ina da rai.

Shekara biyu suka cika a watan Mayu, ta kai takardu. A watan Yuni, ranar wata Talata, ta leƙo ta katanga.

"Jibi da ƙarfe sha ɗaya wata za ta zo daga ofishin walwala ta ga gida. Da safe za mu shiga gari ni da Eleazar mu karɓo takardar shaidar zama, mu dawo a motar sha ɗaya. Mabuɗi yana inda kika sani, ki leƙa mini gida."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ni kuwa sai na tuna baya. Shekara uku da suka wuce wani daga ofishin nan ya faɗo gidan tsoho Perfecto ba sanarwa, ba mu samu mun kai ko kujera ba. Ya ga rufi na yoyo, murhu a mace, tsoho a kan buhu. Bayan sati biyu aka zo aka ɗauke shi zuwa gidan tsofaffi a birni, kuma bai ƙara shan ruwan Fontemoura ba. Na ce wato haka za a yi wa Dosinda? A zo a ga tebur ɗaya da kujera biyu a rubuta cewa gidan bai isa zama ba? Ba a garin da nake ba.

Ranar Alhamis motar safe tana juya kwana na fita. Ban ma gama zagaya gidaje ba kaya suka fara fitowa, don labari ya riga ni. Secundino, da shekararsa tamanin da ɗaya, ya goyo agogo a baya yana tafe yana zagin duwatsun hanya. Obdulia ta kawo kujerunta shida, ta koma ta turo talabijin ɗin da 'yarta ta aiko daga Suwizalan, mai faɗin ƙofar coci. Na shimfiɗa mayafin uwata, na jera farantai, na rataye rigar sanyi mai gashi a bayan ƙofa. Muka rataye busasshiyar cinyar alade har uku a saman murhu. Na ciro hoton farar motar nan daga lungun da Dosinda ta tura shi, na goge, na kafa shi a tsakiyar bango.

Da mun tsaya a nan ma da sauƙi. Sai Secundino ya tsaya a tsakar gida ya riƙe ƙugu.

"Gida ba dabba ai kango ne. Bari in kawo Marela."

"Kawo ta," na ce. "Ka haɗo da tarakta, ka ajiye ta inda za a gani daga hanya."

Ya kawo saniyarsa ya ɗaure a tsohon garke, ya kawo tarakta. Na tsaya na dubi gidan, wallahi har ƙwalla ta zo mini. Ko gidan likita bai kai shi ba.

Motar haya da ƙaramar motar ma'aikaciyar kusan tare suka tsaya. Yarinya ce da ba ta wuce talatin da biyar ba, gajeren gashi, jakar takardu a hammata. Ta ce sunanta Sabela, ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya da ladabi. Dosinda ta wuce gaba don ta buɗe mata ƙofa, sai ta tsaya cak a bakin ƙofar. Eleazar ya leƙa ta saman kanta.

"Dosi, anya ba wani garin motar ta sauke mu ba?"

Na take masa ƙafa da iyakar ƙarfina. "Ku shiga mana, kun bar baƙuwa a tsaye."

Dosinda ta juyo ta dube ni. Na ɗauka kallon godiya ne, har na ɗan sunkuyar da kai irin na wadda ba ta son yabo.

Sabela ta zauna a kujerar Obdulia, na zuba mata kofi, na ɗora mata biskit a farantina. Ta ɗaga kai ta dubi agogo, ta dubi na hannunta, ta ɗan cije leɓe. Ta karɓi takardar da suka karɓo, ta duba, ta haɗa da sauran.

"Mama Dosinda, ta wajen shekaru ba ki da matsala. Takwas na da, biyu na yanzu, har da rarar wata guda. Baba Eleazar kuwa sai ya ƙara haƙuri."

"Ina nan, 'yata, ba inda za ni," in ji shi.

"Saura ɓangare na biyu, wato abin da ke shigo wa gidan nan."

Daidai nan Marela ta saki kuka daga garke. Sabela ta waiwaya.

"Saniyar ta wa ce?"

Dosinda ta buɗe baki, Secundino ya riga ta. "Tata ce mana! Lita ashirin take bayarwa kullum. Motar madara a ƙofar nan take fara tsayawa."

Sabela ta rubuta. "Taraktar fa?"

"Tasu ce," na ce. "Har haya suke bayarwa lokacin yankan ciyawa."

Obdulia ba ta yarda a bar ta a baya, ko a jana'iza. Ta nuna hoton bango da haɓa. "Ai wannan da kike gani ba ƙaramar mace ba ce. Gidan haya biyu ta bari a Caracas. Duk wata sai an aiko."

Alƙalamin yarinyar yana ta tafiya. Na dubi Dosinda, na ga fuskarta ta yi fari kamar garin alkama. Eleazar, mutumin da ko a coci sai an harare shi saboda dariya, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. A lokacin na fara shan jinin jikina.

Sabela ta ajiye alƙalami a hankali. "Mama, bari in yi miki bayani yadda ba za ki ce na ɓoye miki ba. Wannan tallafi na tsofaffin da abin da suke samu bai kai wani ƙaramin ma'auni ba ne. In kina sayar da madara, kina ba da hayar tarakta, ana aiko miki kuɗin haya daga waje, to kin fi ƙarfinsa. In na kai rahoton nan haka, ba za su ba ki ba."

Na ce, "'Yar nan, tsaya. Ba zuwa kika yi ki ga ko gidan ya isa zama ba?"

"A'a, Mama. Zuwa na yi in ga yadda suke rayuwa, in tabbatar ba su da shi."

Wayyo Allah. Na ga Nelson da motarsa a ƙofar nan, na ga gidan a kulle, kuma ni na kawo shi da hannuna, har da tarakta. Maganar tana bakina, in ce duk ƙarya ne, kayan aro ne, amma ta ƙi fita. Shekara saba'in ban taɓa jin wanda ya faɗi haka a gaban baƙo ba. Kuma in na faɗa, ni ce na tuɓe ƙawata a gaban mutane. Secundino ya cire hula yana murza ta. Obdulia ta kafa wa talabijin ɗinta ido. Agogo ya yi ta tak, tak, tak.

Sai Dosinda ta miƙe. Ta zo gaban baƙuwa, ta zube biskit ɗin a kan tebur, ta ɗaga farantin ta juya shi.

Obdulia ta ce, "Yesu!" ta toshe baki.

"Kin ga jan gicciyen nan? Na Erundina ne, duk goma sha biyun. Tashi, 'yata, ki ba ni kujerar." Sabela ta tashi, Dosinda ta kifa kujerar. "Ɗigo uku, ta Obdulia ce, ita da talabijin. Agogo da saniya da tarakta na Secundino ne. Naman can ban san na wa ba ne, amma rabon da in saya tun ina da haƙorana duka. Ba ni da gidan haya ko a mafarki. Ɗana ke aiko mana na magani, shi ma da ƙyar. Ƙwan da muke ci a kan katanga nake tsintarsa, kuma na san kazar da ke yin sa."

Ta juya ta ciro hoton daga bango.

"Wannan ma ku ji yau. Motar matar da nake yi wa wanki ce. Tabarau na mai hoton ne. Na ce kada uwata ta kwana da tunani, shi ya sa. Ban taɓa mallakar ko keke ba."

Sai Secundino ya share maƙogwaro. "Ai mun sani."

"Kun san me?"

"Akwai direba a cikin motar, da hularsa, yana harararki. Uwarki ce kaɗai ba ta gan shi ba, mu kuma ba mu nuna mata ba."

Dosinda ta kai hoton kusa da ido. Shekara arba'in da wani abu, ita ba ta taɓa lura ba. Eleazar ne ya fara, wata irin dariya da ta fito masa ta hanci, sai Dosinda ta kama, tana dariya hawaye na zuba, sai ni, sai kowa. Sabela ta jingina da bango tana share ido da bayan hannu.

"Iyayena, ku yafe ni," in ji ta da ta samu numfashi. "Agogon nan na gan shi a gidan Mama Obdulia a watan Maris. Na gan shi a gidan da ke bayan coci a watan Afrilu. Yau gida na uku ke nan, kuma ko'ina minti bakwai yake a baya."

"Minti biyar!" in ji Secundino, ransa a ɓace.

"A ƙauyen kakata madubi ne ke yawo, da tulun tagulla. Tun da na shigo na gane. Amma abin da aka gaya mini shi zan rubuta, ba ni da ikon juya farantin kowa. Addu'a nake ta yi a raina wani ya juya."

Ta yage takardar gida biyu ta ciro sabuwa. "To, kowa ya ɗauki nasa, in ga gidan Mama Dosinda."

Ba a taɓa kwashe kaya a Fontemoura baƙo yana kallo ba sai ranar. Agogo ya koma bayan mai shi, talabijin ya koma baro, Sabela da kanta ta kama wa Obdulia kujeru. Da Secundino ya je kwance Marela sai ya tarar ta riga ta kwance kanta, tana tsakiyar lambun Dosinda, ta gama da kabeji layi biyu tana shirin na uku. Dosinda ta ɗora hannu a ka.

"'Yata, rubuta wannan ma. Da safe ina da kabeji, yanzu babu."

Aka bar tebur, kujera biyu, gado da keken ɗinki. Sabela ta zagaya, ta dubi rufi, ta taɓa murhu, ta yi tambayoyinta, Dosinda ta amsa ɗaya bayan ɗaya kanta a sama. Na ja yarinyar gefe na tambaye ta a hankali ko za a kai su inda aka kai Perfecto. Ta ce rufi ba ya yoyo, wuta tana ci, su biyun suna kan ƙafafunsu, wa zai taɓa su? Sannan ta ce ba ita ke yanke hukunci ba, sama za ta aika, sai mu jira.

Tana shirin shiga mota Eleazar ya miƙa mata wainar masara a takarda, ya ce, "Tambaya ɗaya, 'yata. In mutum ya tsallaka gada ya sayo kifi ya dawo kafin rana ta faɗi, ya fita ƙasa?"

"Haba Baba, wa ya ce? Zuwa kasuwa ai ba ƙaura ba ce."

Na juya na dubi Dosinda. Laraba ɗari da huɗu a kan dutse! Ta ce in na kuskura na buɗe baki za ta gaya wa Nelson wanda ya ce a kawo tarakta. Na yi shiru, amma na ranar kawai.

Jiran ya yi tsawo. Aka yanke ciyawa, aka haƙe dankali, aka tsinke inabi, shiru. Nelson ya kira sau biyu yana tambayar ko a fara ɗaure kaya. Ni kuwa kullum sai na tsare mai kawo wasiƙa a hanya, har ta fara canja kwana in ta hango ni. Ranar sha tara ga Oktoba muna shanya masara sai muka ji hon tun daga kwanar gada, ba ƙaƙƙautawa. Mai wasiƙa ce, ta fito da hannu ta taga tana kaɗa ambulan. Dosinda ta kasa buɗewa, ta ba Eleazar, shi kuma ya manta tabarau, ya ba ni. Na karanta layin farko na kasa ci gaba, na ce, "An ba ki, shegiya, an ba ki!" Na rungume ta muka zube a kan masara mu biyu, tsofaffin banza, muna kuka muna dariya. Secundino ya tafi ya kaɗa ƙararrawar coci har mutanen ƙauyen gaba suka bugo waya suna tambayar wa ya mutu.

Ba wani kuɗin kirki ba ne, kowa ya sani. Amma ya isa wuta da magani da burodi, kuma ya isa Nelson ya numfasa. Ya zo da motarsa a watan Nuwamba kamar yadda ya ce, sai dai jikoki ya sauke da buhun garin masara na ubansa, ya kwana biyu ya koma shi da yaransa.

Larabar farko bayan kuɗin ya shigo, Dosinda ta riga kowa isa gada. Ta wuce dutsen nan nata ko kallonsa ba ta yi ba. A kasuwa ta ɓace mana kusan awa guda, ta dawo da kwali a ɗaure da igiya, ta rungume shi a ƙirji. Na tambaya, ta ce ba ruwana. Na sake tambaya a hanya, ta ce Kwamanda ta yi ritaya.

Ana saura sati biyu Kirsimeti gwiwata ta kumbura na kasa sauka daga gado, aka ce likita zai zo da ƙarfe goma. Ina kwance ina jin maƙwabta suna shigowa da kaya. Na ji Secundino yana zagin matakala, na ji ƙafafun kujerun Obdulia a kan daɓe. Sai ƙofar ɗakina ta buɗe, Dosinda ta shigo da tire. Kofuna shida ne farare masu zanen shuɗin fure, sababbi fil, kowanne a kan ɗan farantinsa. Ta jera su a kan teburin da ke gefen gadona, ta gyara wa ɗaya hannu ya dubi inda sauran suka duba. Ba ta kalle ni ba, ni ma ban ce na gode ba. Ta juya ta fita.

Likita bai iso ba tukuna, ba baƙo a gidan. Na miƙa hannu na ɗauki kofi ɗaya na juya shi. Layi biyu ne rawaya, fentin ko gama bushewa bai yi ba, har ya ɗan taɓa mini yatsa.